Katako, Tef Da Sikeli: Yadda Za Ka Auna Gogayya Da Hannunka

Duk inda abu biyu suka haɗa jiki, ɗaya ya nemi zamewa a kan ɗaya, akwai wani ƙarfi da ke turjewa. Shi ake kira gogayya a ilimin fiziks. Da ita tafin ƙafa ke kama ƙasa, birki ya tsayar da mota, ƙusa ta zauna cikin katako, ƙulli ya riƙe igiya, ashana ta kama wuta. Ita ce kuma ke cinye taya, ta sa inji ya yi zafi, ta siɗe dunduniyar takalmi. A yawancin makarantunmu a kan allo kawai ake koyar da ita. Malami ya rubuta F = μN, yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su juye. Abin yana damuna ƙwarai, domin a duk darussan fiziks da wuya a sami wanda ya kai wannan arhar gwadawa. Ba ya neman lantarki, ba ya neman ɗakin gwaje-gwaje. Guntayen da kafinta ya watsar a bayan shagonsa sun isa a yi aikin, a kuma fito da lambobi na gaske waɗanda mutum zai dogara da su.

Na rubuta wannan jagora domin malamai da ɗalibai, da iyayen da ke son nuna wa yaro abu da ido, har da duk mai sana'ar da hannunsa ke taɓa birki ko bel ko igiya.

Abin da za ka tanada

Ka nemi katako shimfiɗaɗɗe mai tsawon mita ɗaya, faɗinsa kamar taƙi guda, wanda bai lanƙwashe ba. Ka roƙi kafinta ya goge fuskarsa ta yi bai-ɗaya. Ya kuma yanka maka guntaye biyu masu siffar bulo, girmansu ɗaya, misali tsawo santimita 15, faɗi 8, kauri 4, ya goge kowace fuska da samfefa iri guda. Su zan riƙa kira tubala. Sai tef na awo, ko na tela ne ya wadatar, da zare mai ɗan dutse a ɗaure a bakinsa, da tsumma busasshe, da littafin rubutu. Idan ka sami aron sikelin ƙugiya irin na 'yan gwangwan ko masu sayar da gas, aikin zai ƙara faɗi. Daga baya za mu bukaci tarkace: guntun robar cikin taya, gilashi, tayil, buhu, leda, ɗan rairayi, ruwa da baƙin mai.

A zaɓi daɓen da yake daidai, mara gangara. Idan ƙasan da kanta ta karkace, duk awon da za a yi a kanta ya karkace.

Gwaji na farko: ɗaga katako har tubali ya zame

Mutum uku sun fi dacewa da aikin. Ka tokare ƙarshen katakon guda da gindin bango don kada ya gudu. Ɗora tubali a kusa da ɗaya ƙarshen, tsawonsa ya bi tsawon katakon. Mutum na farko ya riƙa ɗaga wannan ƙarshen a hankali, ba tare da girgiza ba. Na biyu ya zuba wa tubalin ido, da zarar ya motsa ya ce a tsaya. Na uku ya auna abu biyu. Ɗaya shi ne tsayi, wato daga ƙasa zuwa gefen katakon da aka ɗaga. Ɗayan shi ne shimfiɗa, wato tazarar da ke ƙasa daga gindin bango zuwa daidai ƙarƙashin inda aka ɗaga. Zaren nan mai dutse shi zai nuna maka wannan wuri idan ka sake shi daga bakin katakon.

Sai ka raba tsayi da shimfiɗa. A ce tsayi ya ba ka santimita 37, shimfiɗa 93. Sakamakon shi ne 0.40. Wannan ita ce lambar gogayya ta katako a kan katako a wannan rana, a wannan wuri, wadda littattafai ke rubutawa da harafin Girkanci μ, a furta shi miyu. Ba ta da kilo, ba ta da mita, lamba ce tsura. Ma'anarta ita ce kafin ka iya tura wannan tubali a kan shimfiɗaɗɗen katako, sai ka sa ƙarfin da ya kai kashi 40 cikin 100 na nauyinsa.

Wanda wayarsa ke da manhajar auna karkata zai iya ɗora ta a kan katakon ya karanta kusurwa, sannan ya danna maɓallin tan a na'urar lissafi. Digiri 14 na ba da 0.25, digiri 22 na ba da 0.40, digiri 31 na ba da 0.60, digiri 45 kuwa 1 cif. Amma ni na fi son tef, domin yaro yana ganin inda lambar ta fito.

Kada ka tsaya a awo ɗaya. Ka maimaita sau biyar, ka rubuta duka, ka fitar da matsakaici. Za ka ga lambobin ba su zo ɗaya ba, wata 0.37, wata 0.43. Haka abin yake, kuma kada a bar ɗalibi ya goge wadda bai so ba. Abin da za ka yi don rage tazarar shi ne ka share fuskokin da tsumma kafin kowane gwaji, ka riƙa ajiye tubalin a wuri ɗaya, kada yatsu masu gumi su taɓa fuskar da za ta kwanta, kuma ka ƙirga lokaci ɗaya, misali daƙiƙa goma, tsakanin ajiyewa da fara ɗagawa. Wannan na ƙarshen yana da dalili. Injiniyan sojan Faransa Charles-Augustin de Coulomb, wanda ya yi dogayen gwaje-gwaje a tashar ƙera jiragen ruwa ta Rochefort har Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta ba shi kyauta a 1781, ya lura cewa abu idan ya daɗe a ajiye a kan wani, tayar da shi yana ƙara wuya.

Me ya sa tsayi bisa shimfiɗa ke ba da amsa? Idan katako ya karkata, nauyin tubali yana rabuwa gida biyu. Kashi ɗaya yana jan sa zuwa gangare, ɗaya kashin yana danna shi a jikin katako. Rabon da ke tsakanin kashin ja da kashin danniya daidai yake da rabon tsayi da shimfiɗa, domin siffar kusurwa uku ɗaya ce. Tun katakon yana ƙasa-ƙasa gogayya take riƙe da tubalin, kuma tana bayar da daidai abin da ake bukata ne kawai, ba ƙari. Ana ƙara ɗagawa tana ƙara riƙo, har ta kai iyakarta. Wannan iyaka ita ce μ sau danniya, wato abin da F = μN ke faɗa. A daidai lokacin zamewa ja ya yi daidai da iyakar, saboda haka μ ita ce ja bisa danniya. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya shimfiɗa wannan hujja a tsakiyar ƙarni na 18. A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe a jarrabawa: suna ɗauka abin da ke zaune shiru ma gogayyarsa μN ce. A'a, μN iyaka ce. Buhun da ke ajiye a daɓe, ba mai tura shi, babu gogayyar da ke aiki a kansa ko kaɗan.

Gwaji na biyu, wanda ya fi kowanne tayar da gardama

Kafin ka yi shi, ka tambayi masu kallo tambaya biyu, kowa ya faɗi amsarsa a rubuta. Idan aka ɗaura tubali na biyu a kan na farko, nauyi ya ninka, katakon zai ƙara ɗaguwa kafin a zame, ko zai ragu? Idan kuma aka kwantar da tubalin a kan siririn gefensa maimakon faffaɗar fuskarsa fa? Mafi yawan mutane za su ce faffaɗar fuska ta fi kamawa. Hankali ma haka yake rayawa.

To a gwada. Ka ɗaure tubalan biyu da roba, ka tabbata robar ba ta taɓa katakon ba, ka ɗaga. Za ka tarar tsayin zamewa yana nan kusa da inda yake. Ka juya tubali ɗaya a kan gefensa mai santimita 4, tsawonsa yana bin gangara don kada ya kife kafin ya zame. Faɗin da ke taɓa katako ya ragu da rabi, amma lambar tana nan cikin tazarar da ka samu da farko. Ka guji tsayar da shi a kan kansa, inda zarto ya yanke jijiyoyin itacen, domin can fuskar daban ce.

Waɗannan su ne dokoki biyu na gogayya. Ƙarfinta yana tafiya ne da danniya, kuma ba ruwansa da faɗin fuskar da ido ke gani. Leonardo da Vinci na Italiya ya rubuta su a littattafan ajiyarsa tun 1493, har ya ƙiyasta lambar a kan kashi ɗaya cikin huɗu, amma bai buga su ba, suka yi ta kwanciya. Sai a 1699 Guillaume Amontons ya sake gano su ya gabatar a gaban Cibiyar Kimiyya ta Faransa, shi ya sami kusan kashi ɗaya cikin uku. Batun faɗin fuska bai kwanta wa masanan ba, sai da Philippe de la Hire ya sake gwadawa ya tabbatar. Saboda haka idan ɗalibanka suka yi musu, suna kan turbar manya ne. Ka miƙa musu tef su auna da kansu.

Cikakken dalilin kuwa ya daɗe bai bayyana ba. Frank Bowden da David Tabor na Jami'ar Kambirij a Ingila su suka warware shi, a littafinsu na 1950 kan gogayya da man shafawa. Babu fuskar da take sumul da gaske. Gilashin da kake gani kamar ruwa, a ƙarƙashin na'urar ƙara girma tudu da kwari ne. Haɗa fuska biyu kamar ka ɗauko gona mai kunya-kunya ne ka kifa ta a gicciye a kan wata: ƙololuwar kunyoyin ne kawai za su haɗu, sauran duk iska ce. A ƙarfe, wurin da ke taɓa juna da gaske yakan kasa kashi ɗaya cikin dubu na faɗin da ake gani. Duk nauyin a kan waɗannan 'yan tsinaye yake sauka, sai su lotse, su manne da juna. Jan abu yana nufin tsinke waɗannan mannuwa da kuma karce fuskar da ta fi taushi. Idan ka ninka nauyi, tsinayen suna ƙara lotsewa, wasu sababbi su haɗu, wurin mannuwa ya ninka, gogayya ta ninka. Idan ka kwantar da tubali a kan gefensa, tsinayen da ke haɗuwa sun ragu, amma kowanne ya ƙara ɗaukar kaya ya ƙara bajewa, jimillar ta koma inda take.

Daga nan za ka gane cewa zancen da ake yi wa yara, wai kaushi kaɗai ke kawo gogayya, bai cika ba. Fuskoki biyu na ƙarfe da aka goge su matuƙa, aka tsabtace su, suna iya mannewa har raba su ya yi wuya. Abin da ke hana ƙarafanmu na yau da kullum yin haka shi ne siririn lulluɓin tsatsa da maiƙo da danshi da ke kansu. Roba kuma ba ta bin dokokin nan sau da ƙafa, domin tana da taushi, tana shiga cikin kwarin hanya, kuma lambarta tana ɗan raguwa idan kaya suka yi yawa. Shi ya sa motocin tsere ke sa faffaɗan taya. Dokokin Amontons ƙiyasi ne mai kyau ga busassun abubuwa masu tauri, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibi iyakarsu.

Tayarwa da tafiya

Duk wanda ya taɓa tura akwati mai nauyi ya san farkon motsawa shi ne wahala. A kan katakonka ga yadda za ka gani. Ka sauke shi ƙasa da tsayin zamewa kaɗan, ka ɗan zunguri tubalin da yatsa. Idan ya tafi ya tsaya, ƙara ɗagawa. Idan ya tafi yana ƙara gudu, sauke. Wurin da yake sulalewa a hankali da gudu ɗaya, nan za ka auna. Tsayi bisa shimfiɗa a nan shi ne lambar gogayyar tafiya, kuma za ka same ta ƙasa da ta tsaye.

Da sikelin ƙugiya abin ya fi fitowa fili. Ka ɗora kaya a kan guntun katako har nauyinsu duka ya kai kilo 5, ka kafa ƙusa a gabansa, ka ɗaura igiya, ka ja da sikelin a kwance. Igiyar ta miƙe daidai da ƙasa, domin idan ka ɗaga hannu sama kana rage danniya ne, awon ya ɓaci. Ka ja sannu kana kallon allura. Za ta yi ta hawa kayan ba su motsa ba, ta kai wani ƙololuwa, a ce kilo 2.2, sannan kayan su fizge, allurar ta faɗo ta zauna wajen 1.6. Raba kowanne da 5, ka sami 0.44 da 0.32. Wanda ke son amsa da ma'aunin niyuton sai ya ninka kilo da 9.8.

Wannan ɗan bambanci yana da manyan 'ya'ya. Kukan ƙofa da ƙarar birki daga gare shi suke: fuska ta kama, ta saki, ta kama, ta saki, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Masu kiɗan goge suna shafa ƙaro a jikin izga don su sami wannan kamu da saki a kan tsarkiya, da shi sautin ke fita. A hanya kuwa batun rai ne. Tayar da ke juyawa daidai, ɓangarenta da ke taɓa kwalta ba ya zamewa, saboda haka riƙo mai ƙarfi take samu. Idan direba ya taka birki har taya ta ƙame, ta koma jan ƙasa, riƙon ya ragu, kuma sitiyari ya daina jin magana. Na'urar ABS ta motocin zamani aikinta ke nan, ta riƙa sakin birki tana kamawa da sauri don kada tayar ta ƙame. Mai babur da ba shi da ita, hannunsa da ƙafarsa su ne na'urar: a matsa birkin gaba da na baya tare, a hankali ana ƙarawa, kada a finciko.

Sauya fuska

Yanzu tarkacen nan sun zo amfani. Ka manna roba a ƙasan tubali, ka gwada. Ka shimfiɗa tayil, gilashi, leda, buhu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne awo biyar. Lambar ta abu biyu ce a haɗe, don haka a rubuta su tare: roba a kan tayil, katako a kan gilashi. Don ka san ko kana kan hanya, katako a kan katako yakan faɗa tsakanin 0.25 da 0.5, busasshen ƙarfe a kan ƙarfe tsakanin 0.5 da 0.8, idan an sa mai ya sauko wajen 0.1. Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a Amurka a 1938 kuma ake shafe tukwanen da abinci ba ya kamawa da shi, yana sauka har 0.04.

Sannan ka barbaɗa rairayi kaɗan a kan tayil. Tubalin zai zame da wuri, domin ƙwayoyin suna mirginawa a ƙarƙashinsa. Wannan ne ke kayar da masu babur a kwanar da yashi ya kwanta a kan kwalta. Amma jirgin ƙasa yana ɗauke da akwatin yashi da yake zubawa a gaban ƙafafunsa idan dogo ya yi santsi, domin nauyinsa yana murƙushe ƙwayoyin su cije tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ruwa ma fuska biyu gare shi. Danshi kaɗan yana ƙara kamu, shi ya sa mai ƙirga kuɗi ke jiƙa yatsa, amma idan ya yi yawa har ya shiga tsakani ya raba fuskokin, sai santsi. A Masar akwai zane a kabarin wani hakimi mai suna Djehutihotep, na wajen shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda ake jan wani ƙaton gunki a kan katako, wani mutum yana tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Amsterdam suka nuna cewa yashin da aka jiƙa daidai gwargwado yana taurara, ba ya taruwa a gaban abin da ake ja, har ƙarfin da ake bukata ya ragu da kusan rabi.

Gwajin mai ka bar shi ƙarshe, kuma a kan tayil ko gilashi, don idan katako ya sha mai ya tashi daga aiki. Abin da mai ke yi shi ne ya shiga tsakani ya hana tsinayen haɗuwa. Beauchamp Tower ya gano a 1883 cewa sandar ƙarfe mai juyawa tana jawo mai ƙarƙashinta da matsi har ta hau kansa, Osborne Reynolds ya yi lissafin abin a 1886. Wannan shimfiɗar mai sai inji ya fara juyawa take samuwa, shi ya sa bai kamata a tayar da inji da safe a hau taka totur nan take ba. Baƙin man da ya daɗe kuma ya kwashi ƙura da garin ƙarfe, yana karce abin da aka sa shi ya kare. A ƙasa mai ƙurar hunturu irin tamu, juye mai a kan lokaci da wanke matatar iska sun fi kowane gyara arha. Kuma ko da wasa kada mai ko giris ya taɓa fatar birki ko bel.

Ba ƙaramar dukiya ke tafiya a nan ba. Kenneth Holmberg da Ali Erdemir sun ƙiyasta a 2017 cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na makamashin da duniya ke amfani da shi yana ƙarewa ne wajen yaƙi da gogayya.

Igiya da turke

Wannan gwajin shi na fi ƙauna, don makiyayi da mai jan ruwa sun san shi tun kafin a rubuta shi. Ka gicciya bututun ƙarfe ko sanda mai santsi a kan kujeru biyu, a riƙe ta kada ta juya. Ka ɗaura jarka mai lita 5 ta ruwa, wato kusan kilo 5, ka ɗora igiyar a kan sandar, ɗaya bakin ka maƙala sikeli. Ka duba mafi ƙarancin ƙarfin da zai hana jarkar sauka. Idan lambar gogayya 0.3 ce, wajen kilo 2 za ka gani. Ka ƙara zagaye guda cikakke, zai faɗo ƙasa da rabin kilo.

Sirrin shi ne kowane zagaye ninkawa yake yi. Da lamba 0.3, zagaye ɗaya yana ninka riƙonka kusan sau 6 da rabi, biyu sau 43, uku ya haura sau 280. Kaurin turken bai shiga lissafin ba, yawan zagaye da irin fuskar kawai. Shi ya sa yaro zai iya riƙe bijimi idan ya sami bishiyar da zai naɗa igiya sau uku. Idan kuma ɗagowa kake so, gogayyar ta juya maka baya: jarkar nan mai kilo 5 sai ka ja da ƙarfin kilo 13 kafin ta hau ta kan sandar. Ramukan da igiya ta sassaƙa a gungumen bakin rijiya shaidar wannan asara ce, kuma dalilin da ya sa abin da ke juyawa a kan boris ya fi sauƙin jan ruwa. Bel na injin markaɗe da wannan doka yake aiki. Idan yana zamewa yana kuka, a share shi, a ɗan ƙara ɗaure shi, amma ɗaurin da ya wuce kima boris yake kashewa. Gargaɗi guda: kada wanda ya naɗa igiyar da ke ɗaure da dabba ko kaya a hannunsa ko yatsansa, don yadda take kama turke haka za ta kama naman mutum.

Daga katako zuwa kwalta

Ƙarfin da gogayya ta ci ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake zama. A 1798 Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Rumford, ya ba da labarin yadda ya tafasa ruwa a Munich ta Jamus cikin awa biyu da rabi ba tare da wuta ba, da zafin dakusasshen ƙarfen da ke gogar cikin bakin igwar da dawaki ke juyawa. Mota mai kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, idan ta tsaya cak, zafin da birkinta ke sha ya isa ya kai kusan lita biyu na ruwa ga tafasa. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a jihar Filato, direban babbar motar da ya dogara da birki kaɗai yana tara wannan zafi har fatar birkin ta daina kamawa. Maganin shi ne a sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe motar.

Tazarar tsayawa ma da lambar nan ake lissafa ta. Ka mayar da gudu zuwa mita a daƙiƙa, ka ninka shi da kansa, ka raba da 2 sau μ sau 9.8. A busasshiyar kwalta mai lamba 0.7, mai gudun kilomita 50 yana bukatar mita 14, mai gudun 100 kuwa mita 56. Gudu ya ninka sau biyu, tazara ta ninka sau huɗu. Idan hanya ta jiƙe lambar ta sauko 0.4, mai gudun 100 sai ya ci mita 98. Wannan duk bayan an taka birki ne. Daƙiƙa ɗaya da direba zai yi kafin ƙafarsa ta kai, motar ta riga ta shafe mita 28. Ina so kowane malami ya fitar da ɗalibansa fili su auna mita 98 da tef, su tsaya a bakinta biyu su kalli juna.

Ruwan farko na damina shi ya fi haɗari, domin yana kwaɓa ƙura da man da suka taru a kan kwalta duk rani. Zanen da ke jikin taya aikinsa shi ne ya kori ruwa don roba ta taɓa hanya, kuma a Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana hawa titi da tayar mota wadda zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, kuma roba tana bushewa da tsufa ko ba a hau ta ba. Mai mota, mai babur, mai a-daidaita-sahu, kafin hadari ya fara haɗuwa ka durƙusa ka duba tayoyinka ɗaya bayan ɗaya, wadda ta siɗe ka canza ta.